Fangalin Shaida

Finkason da aka raba ranar sadakar bakwai ɗin Malam Aliyu ya yi daɗin da masu gaisuwa suka manta abin da ya kawo su Rigachikun, suka shiga yabon masu tuya. Ƙanin marigayin, Malam Ja'afaru, ya ci ya ƙara, har ya sa aka ƙulle masa wani a leda ya kai wa iyalinsa Doka. Sai da la'asar, bayan an naɗe tabarmi, aka gane daga inda garin ya fito.

Matan dangi ne da suka zo aikin abinci daga Badarawa suka shiga ɗakin ajiya neman abin da za a yi sadaka da shi. Suka tarar da tulu an liƙe bakinsa da laka, suka fasa, suka ga alkama cikin toka, tsaf, ko ƙwaro ɗaya babu. Suka ce Allah ya ji ƙan Malam, har abin sadakarsa ya tanada. Suka wanke, suka shanya, suka aika inji. Babu wadda ta tambayi Hansai, matar marigayin, domin tana ƙuryar ɗaki ta shiga takaba, kuma wa zai dami mai takaba da zancen tulu?

Wannan alkama kuwa iri ce. Mahaifinsu ne ya taho da ita daga arewa tun Ja'afaru bai san dama da hagu ba, Aliyu ya gaje ta, ya riƙa shuka ta kowane rani a 'yar fadamarsu ta bakin rafi, a tsakiyar masu tumatir da albasa da ke yi masa dariya. Ba ta da yawan amfani, ƙwayarta ƙanana ce, amma ba ta taɓa barinsa ya dawo gida hannu wofi ba. Abin da ya tsira daga hannun masu sadaka shi ne wanda ya maƙale a gindin tulu cikin toka. Da aka tankaɗe, bai cika ƙaramin kwano ba.

Ja'afaru ya tsaya a bakin ƙofar Hansai, labule tsakaninsu, da kwanon a hannunsa. Finkason da ya ci ya tsaya masa a ƙirji.

"Yaya Hansai, ni zan shuka ta," in ji shi.

"Kai?" Muryarta ta dishe don kuka, amma tsokanar da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta ba ta mutu tare da mijin ba. "Duba-gari, ka san ta inda ake riƙe fartanya?"

"Zan tambaya."

"To. Ita ke nan ta rage, ka ji ko? Babu wata a ko'ina. Yayanka ya sha ba mutane, duk suka cinye."

Ja'afaru ya yi shekarunsa na aiki yana duba-gari, bai daɗe da yin ritaya ba. Mutum ne da in ya shiga gidan burodi sai masu gidan su fara salati. Idonsa ya saba da neman abu ɗaya: inda lalacewa ta fara. Matarsa Zulaiha takan ce ko tuwon gidansa sai ya juya ya duba ƙasansa kafin ya sa hannu. Aliyu bai bar ɗa namiji ba. 'Yarsa ɗaya ce, Nafisat, wadda ta karanta aikin gona a Zariya, ga shi kuma an tura ta bautar ƙasa can Kudu, ta koma bayan kwanakin zaman makoki. Saboda haka gonar ta faɗo hannun mutumin da iyakar saninsa da alkama shi ne kama wadda ta ruɓe.

Da sanyi ya fara shigowa ya sa aka gyara fadamar, aka yanka ta fangali-fangali yadda Aliyu ke yi don ban ruwa. Nan ya tsaya ya dubi faɗin wurin, ya dubi kwanonsa, ya ga abin kunya. Ƙanin Malam Aliyu, tsohon ma'aikacin hukuma, ya zo da mota ya shuka abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba? Ya bi ta kasuwa ya auno alkama mai manyan ƙwaya, mai sheƙi, ya juye ta Aliyu a ciki, ya gauraya a buhu ɗaya. Alkama ai alkama ce, in ji shi a ransa, kuma in sun tashi tare ta Yaya ma za ta koyi girma.

Buhun ya sha girgiza a bayan mota daga Doka zuwa Rigachikun. Ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda suka saba, suka sulale ƙasa. Aka yi ta ɗiba daga sama ana yafawa, har aka kai fangali na ƙarshe, can kusurwar gabas inda ƙasa ta ɗan yi tudu, aka zazzage gindin buhu a nan. Ja'afaru bai lura ba. Yana can yana faɗa da mai injin ban ruwa a kan man da ke ɗiga kusa da rafi.

Alkama ta fito, kuma ta yi kyau. Kullum da safe, bayan ya karya, sai ya kama hanyar Zariya a tsohuwar motarsa, ya wuce Kawo, ya je ya tsaya a kan kunya hannuwa a baya kamar mai duba fareti. In ya taso sai ya biya ta gidan marigayi ya ba da rahoto ta bayan labule.

"Ta fito?"

"Ta fito."

"Ta yi kyau?"

"Kore shar, Yaya Hansai."

"Shar?" in ji ta. Sai kuma ta ce, "To, Allah ya raya." Mai takaba ba ta zuwa gona, sai abin da aka gaya mata.

Da shukar ta kai gwiwa, wata safiya idon Ja'afaru ya faɗa kan abin da ya yi rayuwarsa yana nema. A tsakanin dogayen nan masu kore shar, ga wasu gajeru jefi-jefi, ganyensu siriri, launinsu ya dushe ya koma toka-toka, kamar an barbaɗa musu gari. Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya murza ganye ɗaya da babban yatsa. Farin abin ya goge, ya bar kore a ƙarƙashi.

Fumfuna. Ya san ta a burodi, ya san ta a bangon mahauta, ya san ta a buhun masara. Abin da ya ji a ransa, in za a faɗi gaskiya, ba tsoro kaɗai ba ne. Akwai wani ɗan daɗi a ciki, irin na mutumin da aka ajiye gefe sai ga shi an sake bukatarsa. Cuta ta shigo amanar yayansa, kuma Allah ya sa mai gonar ya san maganin cuta: a raba mai ita da masu lafiya, tun ba ta bazu ba.

Bai sa kowa ba, da hannunsa ya yi. Ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya yana tumɓuke masu tokar. Abin da ya ba shi haushi, sun fi masu lafiyar taurin kai. In ya kuskure ya kamo koriya, tana tahowa salin-alin, da 'yar saiwarta kamar gemun akuya. Masu tokar kuwa sai ya sa hannu biyu ya dafa ƙafa, sannan su tsinke daga can ƙasa, su bar sauran saiwar a ciki. Ya ce lallai cutar ta kama da ƙarfi. Ya tara su a gefe, da suka bushe ya cinna musu wuta, ya tsaya har suka cinye, kamar yadda doka ta ce.

Da ya iso fangalin kusurwar gabas sai ya ga kusan duka masu toka ne. Ya naɗe hannun riga zai fara, sai wani abu ya tsayar da shi. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa ƙone kayan da ya kama duka ba. Ko gwangwanin madara ne, ko nama, sai an ware kaɗan an ɗaura masa jan ƙyalle an ajiye, don ranar da mai kaya zai ce sharri aka yi masa, ko wani babba ya ce a nuna masa. Shaida ke nan. Wanda ya ƙone shaida ya ƙone kansa. Ya aika wa malamin gona saƙo ya zo ya ga cutar da idonsa, ya kafa sanda a fangalin, ya yago jan ƙyalle daga tsumman goge mota ya ɗaura. Sannan ya sa aka toshe hanyar ruwan da ke shiga wurin, kada ruwa ya ɗebo cuta ya kai wa na ƙasa. Kuma me za a yi da shayar da abin da aka riga aka yanke wa hukunci?

Malamin gona ya ce yana tafe. Ja'afaru, da ya san ma'anar wannan magana tun yana mai faɗinta, ya ci gaba da jira duk da haka.

"Lafiya dai ko?" in ji Hansai ta bayan labule. "Na ji kwana biyu muryarka wani iri."

"Lafiya lau. 'Yar matsala ce, na yi maganinta."

Bai ga amfanin ƙara wa mai takaba baƙin ciki ba. Nafisat ma da ta kira, ya ce mata komai na tafiya daidai, ta mai da hankali kan aikinta.

Sanyi ya janye da wuri a shekarar. Masu tumatir na sama da su suka ƙara injuna, rafin ya ja baya, ya koma 'yan kududdufai, sannan ya koma yashi. Mai injin ban ruwa ya naɗe tiyonsa ya ce sai dai a yi haƙuri. Wannan kuwa daidai lokacin da dogayen korayen nan ke shirin fitar da kai. Ja'afaru ya tsaya yana kallonsu suna mutuwa cikin tsari. Faffaɗan ganyen da yake alfahari da shi ya buɗe wa rana kamar tafin mai roƙo, ya yi laushi, ya yi rawaya daga baki, ya ƙone. Waɗanda suka yi ƙoƙarin fitar da zangarniya suka fitar da ita fara fat, ya murza ya ji iska. Ya daina biyawa ta gidan Hansai. Zulaiha ta lura ya daina juya tuwo, yana ci ne kawai, ko ya bari.

"Baban Suhaib, ka gaya wa Yaya Hansai mana," in ji ta. "Ba kai ka janye rafi ba."

"Ita ke nan ta rage, haka ta ce mini."

Wata rana da hantsi ya ce bari ya je ya kawar da fangalin shaida, tunda babu sauran masu lafiyar da za a kare, babu kuma wanda zai zo gani. Rabonsa da kusurwar tun ranar da ya toshe mata ruwa. Ya ratsa ta cikin karmamin da ke karyewa a ƙafarsa, ya hango jan ƙyallensa ya koɗe. A ƙarƙashinsa kuwa abin da ya gani ya sa ya tsaya.

Suna nan. Gajeru, masu toka, munana kamar yadda ya bar su. Kowace ta riga ta fitar da kai tun tuni, zangarniya mai dogon gashi tsaye cirko-cirko. Ganyen ya naɗe kansa kamar tabarmar da aka jingine, ya tsaya siriri yana ba rana gefe. Ya ce ko mutuwar ce ta zo musu a haka. Ya ɓare zangarniya ɗaya, ya danna ƙwaya da farce. Wani farin ruwa mai kauri ya fito.

Ya zauna a kan kunya, wandonsa na fita unguwa a cikin ƙasa. Ya ɗauki hoto da waya. Ya tura wa Nafisat ba tare da ya rubuta komai ba. Kafin ya mayar da wayar aljihu ta kira shi ta bidiyo.

"Baffa! Ta Baba ce! Wallahi ita ce, har ta yi kai!" Yana jin hayaniyar 'yan makarantar da take koyarwa a bayanta. "Amma me ya sa ka ɗaura mata jan ƙyalle?"

"Fumfuna ce ta kama ta."

"Wace fumfuna?"

"Farin nan da ke jikin ganye. In ka murza yana gogewa."

Ta yi dariya, irin ta yayansa sak, mai fita ta hanci. "Haba Baffa, ai kaki ne. Ita ke yin abinta, kamar yadda ake shafa mai da sanyi kada fata ta tsage. Shi ke hana rana shanye mata ruwa. Ka ga ganyen ya naɗe? Gobe ka dawo da sassafe ka gani, zai buɗe. Rufe ƙofa take yi in rana ta yi zafi. Gashin nan ma aiki yake, in ganye ya gaji shi ke ci gaba da ciyar da ƙwaya. Ga ta da saurin kai, kafin zafi ya zo ta yi nisa. Saiwarta kuwa, Baba yakan ce ko rijiya aka haƙa a gefenta sai an tarar ta riga isa. Ina sauran? Juya wayar in ga sauran gonar."

Ja'afaru bai juya wayar ba. Ya gaya mata. Ya gaya mata yadda ake ba da rahoto, daga buhun kasuwa har zuwa wutar da ya tsaya a kanta, bai rage ba, bai kuma yi wa kansa ado ba.



"Da hannunka?" in ji ta.

"Da hannuna."

Ya ji ta ja numfashi, ya ji ta ce wa wani yaro ya koma aji. Da ta dawo muryarta ta canza, ta zama ta mai aiki. "To, Baffa, wannan ɗin ba ta tsira ba tukuna. Ƙwayar ruwa ce, ba ta yi tauri ba. Tana da haƙuri, amma ba dutse ba ce. A samo mata ruwa ko sau ɗaya, a gindi, ba a ka ba. Sai tsuntsaye. Duk fadamar ita kaɗai ce abin ci yanzu."

Washegari da sassafe ya zo da jarkoki cike da bayan mota, daga rijiyar burtsatsen unguwarsu. Ganyen ya buɗe, kamar yadda ta ce, da raɓa kwance a kan tokar. Ya yi ta jido daga bakin hanya zuwa kusurwar gabas, jarka ɗaya a kowace tafiya, yana hutawa a tsakiya. Masu tumatir da suka yi wa yayansa dariya ba su yi masa ba. Ɗaya daga cikinsu ya ajiye aikinsa ya karɓi jarka daga hannunsa.

Daga nan sai gadi. Mutumin da a da in ya doso layin mahauta ake ɓoye nama, ya koma zama ƙarƙashin laima da gwangwani da tsakuwa a ciki, yana kaɗa wa tsuntsaye. Ba su ji tsoronsa sosai ba. Zangarniya ta juya daga toka zuwa ruwan ƙasa, gashin ya bushe ya fara ƙara in iska ta taɓa shi. Ya riƙa gwada ƙwaya da haƙori, har ranar da ta ƙi fashewa.

A makon ne Hansai ta fita takaba. Ya je da kansa ya ɗauko ta, kuma a mota ya gaya mata, idonsa a kan titi, domin ya fi sauƙi. Suka isa fadamar. Ta ratsa matacciyar gonar tana tattare zane, ta wuce baƙin tabon da wuta ta bari, ta dube shi, ta wuce. A fangalin shaida ta durƙusa. Can ƙasa akwai sauran ganye ɗaya da bai gama bushewa ba. Ta murza shi, ta dubi yatsanta.

"Mai hoda yayanka yake ce mata," in ji ta. "Wai duk gidan ita kaɗai ce ke kwalliya ba a saya mata ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ran da ka ce mini kore shar, na so in yi magana. Sai na ce ko idon 'yan boko ne."

"Da kin yi."

"Da ka tambaya, Duba-gari. Ka ce za ka tambaya."

Ta miƙa hannu ya ba ta lauje. Ita ta yanka, shi ya ɗaure. A tsakar gidan marigayi suka bubbuga a kan tabarma, ta sheƙe a faifai. Da aka tara, ta ɗauko ƙaramin kwanon nan na ranar sadaka ta zuba. Ya cika, ya yi tozo, har ta tare da hannu. Ta sake cikawa, ta kuma sakewa, na ƙarshen bai kai baki ba. Ƙanana, jajaye, babu baƙuwa ko ɗaya a ciki.

"Kada a sake tara ta a tulu ɗaya," in ji Ja'afaru. "Ke kashi, Nafisat kashi, ni kashi."

"Kai ma?"

"In kin yarda."

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta tura masa kwanon da bai cika ba.

A Doka ya sa aka samo masa ɗan tulu. Ya tankaɗe toka da kansa, ya gauraya, ya zuba, ya kwaɓa laka ya liƙe bakin. Zulaiha na tsaye a ƙofar ɗakin ajiya tana kallon tsohon duba-gari da laka har gwiwar hannu.

"In ta Allah ta kasance a kaina," in ji shi, "a sayo alkamar sadaka a kasuwa."

"Allah ya ja kwana. Ni ai ina ɗaki ina takaba a lokacin, wa zai tambaye ni?"

Gaskiya ta faɗa. Ya fita zuwa mota, ya dawo da koɗaɗɗen jan ƙyallen da ya kwance daga sandar gona. Ya zagaya shi a wuyan tulun, ya ƙulla irin ƙullin da ya saba, wanda duk Kaduna ta Arewa babu mai ganinsa ya kai hannu. Ya ja ya tabbatar ya kama, sannan ya tura tulun can ƙurya, inda rana ba ta kaiwa.